Sarkin Kano Abdullahi Bayero

A ƙasar Kano, tun daga Gaya da Ajingi har zuwa Ƙaraye, in dattijo ya ambaci Sarki Alhaji ba sai ya ƙara bayani ba, kowa ya san wanda yake nufi. Shi ne Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi shekara 27 a kan gadon sarauta, daga 1926 zuwa 1953. Sa'ad da aka haife shi, Sarkin Kano ba shi da wani na gaba sai Sarkin Musulmi a Sakkwato. Sa'ad da ya yi sarauta kuwa, ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Ingila. Bai bar duniya ba sai da ya ga talakawa sun fara zaɓen waɗanda za su yi magana a madadinsu.

An haife shi a birnin Kano a 1881, zamanin kakansa Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ubansa shi ne Muhammadu Abbas. Gidansu gidan Sulluɓawa ne, zuriyar Sarki Ibrahim Dabo. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafai a hannun malaman fada, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan sarakuna. Tun daga nan ya shaƙu da malamai, bai kuwa rabu da son su ba har tsufansa.

Yana da shekara 12 aka fara Yaƙin Basasa, watau yaƙin da 'yan gida ɗaya suka yi a kan sarautar Kano. Tukurawa suna cikin birni, Yusufawa kuwa suka kafa sansani a Takai, ba nisa da Gaya. Garuruwan gabas sun sha wuya ƙwarai a wannan yaƙi. Yusufawa suka ci nasara, Alu ya zama Sarki, ya naɗa ɗan'uwansa Abbas Wambai.

Sarki Alu bai cika shekara goma ba sai ga Turawa. A farkon 1903 rundunarsu ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta iso Kano ran 3 ga Fabrairu. Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Ganuwar Kano tana da tsawo da kauri, amma ba a gina ta don igwa ba. Kafin rana ta faɗi an ci birni, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gida ya mutu yana yaƙi. Mutanen Alu suna kan hanyar dawowa suka ji labari. Waziri Ahmadu ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, aka kashe shi. Wambai Abbas ya ga faɗan ba zai yi ba, sai ya tattara sauran jama'a ya komo da su gida. Gwamna Lugga ya naɗa shi Sarkin Kano. Alu kuwa aka kama shi, daga baya aka kai shi Lokoja, can ya zauna har ya rasu.

Turawan nan kaɗan ne, ƙasa kuwa ga faɗi, ga jama'a. Sun kuma tarar da mulki tsayayye, da alƙalai, da haraji, da rubutu. Saboda haka Lugga ya ga ba abin da ya fi sai a bar sarakuna su riƙe mutanensu, Turawa su riƙe sarakunan. Ya yi alkawari ba za a taɓa addini ba. Amma ya hana yaƙi da kamun bayi, ya kuma bayyana cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannun Gwamna. Duk sarkin da za a naɗa sai ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwa zai bi Sarkin Ingila da dokokin Gwamna, muddin ba su saɓa wa addininsa ba, sa'an nan a miƙa masa sandan sarauta.

Abdullahi Bayero yana ɗan shekara 22 aka yi wannan juyi. Ubansa ya ba shi sarautar Ciroma. A da yawancin hakimai a birni suke zaune, sai su aiki jakadu ƙauyuka su karɓo musu haraji. Sarakunan tsofaffin garuruwa irin su Gaya da Rano da Dutse da Ƙaraye su ne ke zaune a garuruwansu tun asali. Turawa suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin ƙasarsa, ya san mutanensa, su san shi. Ciroma ya riƙe ƙasashen da ke kewaye da birni, ya zauna a Dawakin Kudu, ya zauna a Fanisau, daga baya ya zama hakimin Bichi. A nan ya koyi aikin da ba a koyonsa a fada: ƙidayar magidanta, da rabon gado, da rikicin iyakar gona, da abin da fari ke yi wa talaka in ga shi lokacin haraji ya zo.

Sarki Abbas ya rasu a 1919, aka naɗa ɗan'uwansa Usman, wanda ake kira Ɗantsoho. Ciroma ya ci gaba da hakimcinsa shekara bakwai. Da Usman ya rasu a 1926, sai sarauta ta faɗo kansa. A cikin wannan shekara kuma Alu ya rasu a Lokoja.

Abu na farko da ya sake shi ne zaman fada. Tun zamanin da, manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, suna da ƙarfi ainun, har ba mai ganin Sarki sai ta hannunsu. Turawa sun daɗe suna so a rage wannan ƙarfi, sabon Sarki kuwa ya yarda. Sarautun suna nan, amma aikin mulki ya koma hannun majalisa. Waziri ya riƙe sha'anin shari'a, Madaki ya riƙe hakimai da ƙasashensu, Galadima ya riƙe birni, Ma'aji ya riƙe baitulmali. Kowa da ofishinsa da malamansa da littattafansa. Wannan hukuma ta Sarki da majalisarsa ita ake kira En'e.

Ga yadda igiyar mulki ta miƙe a wancan zamani. Manomi a Ajingi yana da mai unguwa. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin Sarki. Zuwa nan duk 'yan ƙasa ne. Amma kusa da Sarki akwai Bature, shi ne Razdan, da 'yan'uwansa ƙanana, su Di'o, masu yawon rangadi suna duba littattafan haraji da na alƙalai. A bisa takarda Razdan shawara yake bayarwa, amma shawara ce wadda ba a cika ƙin ta ba. Razdan yana amsa wa babban Baturen Arewa a Kaduna, shi kuma yana amsa wa Gwamna a Ikko, watau Legas. Gwamnan ma ba shi ne ƙarshe ba. A Landan akwai wani minista wanda aikinsa ke nan, kula da ƙasashen da Ingila ta mallaka, Gwamna ba ya yin babban abu sai da saninsa.

Haraji kuwa ta wannan igiya yake hawa. Bayan kaka dagatai su tara na magidanta, a ba kowa takardar shaida, Fulani kuma su biya jangalin shanunsu. A kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Da farko raba kuɗin ake yi biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e, daga baya aka ƙara wa En'e kaso. Da yake ba a karɓar wuri ko hatsi, sai tsabar kuɗin Turawa, dole manomi ya shuka abin da zai sayar. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, kamfanoni suna neman gyaɗa ido rufe. Shi ya sa gonakin Gaya da Ajingi suka cika da gyaɗa, jakuna da raƙuma suna ta jigila, buhuna suka taru a Kano har suka zama dala.

Wajen shari'a, an bar alƙalai suna hukunci da littattafan Malikiyya kamar da. Sarki yana da tasa majalisar shari'a, inda ake kai maganar kisan kai da ta ƙasa. Amma Turawa sun hana yanke hannu, kuma ba a kashe wanda aka yanke wa hukuncin kisa sai Gwamna ya sa hannu. Bauta ma a hankali aka kashe ta. An fara da cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, sa'an nan a 1936, cikin sarautar Abdullahi Bayero, aka soke ta ɗungum.

Baitulmalin Kano ya fi na kowace En'e a Arewa kuɗi, Sarki kuwa bai bar kuɗin nan kwance ba. A farkon sarautarsa aka buɗe asibitin birni da makarantar Midil. A farkon shekarun 1930 aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, aka kuma kawo wutar lantarki. Mutanen birni da yawa sun yi ɗari-ɗari da ruwan nan da farko, don ba su saba ganin ruwa yana fitowa daga ƙarfe ba. Abin da ya fi kwanta wa Sarki a rai kuwa shi ne ilmin alƙalai. Ya ga in shari'ar Musulunci za ta tsaya da ƙafarta a gaban Turawa, sai an sami alƙalai masu karatu mai zurfi, masu iya tsara littafin kotu yadda ba mai samun abin kushewa. Aka fara da makarantar Shahuci. A 1934 kuma aka buɗe makarantar koyon shari'a, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947.

A 1934 ɗin nan Sarki ya tafi Ingila, tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman. Sarkin Katsina Dikko ya riga su zuwa tun 1921. Suka shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can suka shiga jirgin ruwa. A Landan suka gana da Sarkin Ingila, Joji na Biyar, wanda da sunansa ake mulkin ƙasarsu.

To, wannan Sarki da sunansa ke kan kuɗi, ake kuma rantsuwa da yi masa biyayya, ba shi da ikon sa wa kowa haraji ko na kwabo ɗaya. Ba ya kafa doka, ba ya ɗaure mutum. Wannan abin mamaki ne ga wanda ya tashi a fadar Kano, amma ba a dare ɗaya Ingilishi suka kai ga haka ba. A da sarakunansu ma suna yin abin da suka ga dama. A 1215 manyan ƙasar suka gaji da zaluncin wani sarki nasu mai suna Jon, suka tilasta shi ya buga hatiminsa a wata takarda da ake kira Magna Kata. A cikinta ya yarda ba za a kama ɗa a ɗaure shi ba sai bisa shari'a. Bayan shekara 400 da wani abu, Sarki Charles na Farko ya so ya karɓi haraji ba da yardar Majalisa ba. Aka yi yaƙi tsakaninsa da Majalisa, aka ci shi, aka yi masa shari'a, aka sare kansa a 1649. Ƙasar ta yi shekara 11 ba sarki. Ko da aka mai da sarauta, ba ta komo da ƙarfinta na da ba. A 1689 aka rubuta doka cewa sarki ba zai soke doka ko ya sa haraji ba sai da yardar Majalisa.

Majalisar nan zaure biyu ce. Akwai zauren iyayen ƙasa, waɗanda a lokacin yawancinsu gadon kujera suka yi. Akwai kuma zauren wakilan jama'a, waɗanda ake zaɓa da ƙuri'a, shi ne kuwa mai ƙarfi, don a nan ake yanke maganar kuɗi. Ba a wuce shekara biyar ba a sake zaɓe ba, sai fa in ana yaƙi. Jam'iyyar da ta fi yawan wakilai ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama Firayim Minista. In an gama doka a kai wa Sarki ya sa hannu, ba ya kuwa ƙi. Ƙuri'ar ma da masu dukiya kaɗai ke da ita. A hankali aka yi ta faɗaɗa ta, har mata suka fara samu a 1918, suka yi daidai da maza a 1928. Firayim Ministan da sarakunan nan uku suka tarar, Ramsay Makdonal, ɗan talakawa ne daga wani ɗan gari na masunta a Sikotland. Ubansa ɗan ƙodago ne a gona, uwarsa kuwa 'yar aikin gida.

Ba a daɗe ba aka ga misalin wannan a fili. Babban ɗan Sarki Joji, Edward, ya taɓa zuwa Kano a 1925 yana Yarima, sarakunan Arewa suka taru aka yi masa babban hawan daba. Ubansa ya rasu a Janairu 1936, ya gaje shi. Sai ya ce zai auri wata bazawara 'yar Amurka. Ministoci da shugabannin cocin Ingila suka ƙi yarda. Ya zama ko dai ya bar matar, ko ya bar gadon. A Disamba na wannan shekara ya yi murabus, ƙanensa ya hau, shi ne Joji na Shida.

Sai dai wannan kyakkyawan tsari iyakarsa Ingila. Ministan da ke kula da Nijeriya yana jin tsoron Majalisa, Majalisa tana jin tsoron masu ƙuri'a, amma masu ƙuri'ar nan duk mutanen Birtaniya ne. Manomin Gaya yana biyan haraji, ba shi da wakili a inda ake yanke maganarsa. A gida kuma, sarakuna da hakimai sun fi ƙarfin talaka fiye da da, domin bindigar Bature tana bayansu. Wannan shi ne babban aibin mulkin Turawa. In an yi dace da sarki mai tsoron Allah, talaka ya huta. In ba a yi dace ba, ba shi da wata dabara sai haƙuri ko ƙaura.

Kano ta yi dace. An shaidi Abdullahi Bayero da haƙuri, da sauƙin kai, da yawan ibada. A 1937 ya tafi Makka, ya zama Sarkin Kano na farko da ya yi aikin hajji yana kan gado, daga nan ne aka sa masa suna Sarki Alhaji. Ƙanensa Galadima Abdulƙadir da Malam Sulaimanu, wanda ya zama Walin Kano, suna cikin 'yan rakiya. A wannan tafiya ya sadu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta ƙasar Senegal, ya gayyace shi Kano. Zuwan Shehun ya sa ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara yaɗuwa ƙwarai a birni da ƙauye.

A 1939 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, Nijeriya ta sami kanta a ciki ba tare da an tambaye ta ba. Aka ɗebi samari soja, waɗansu har Bama. Aka ɗebi waɗansu tilas zuwa haƙar kuza a Jos, aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa. Duk ta hannun hakimai da dagatai aka bi. Da yaƙi ya ƙare a 1945, duniya ta sake. Sojojin da suka dawo sun ga ƙasashe, 'yan makaranta sun yi yawa, ana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo a zaure da kasuwa. Indiya ta sami 'yancin kanta a 1947. A wannan shekara aka buɗe majalisu biyu a Kaduna, ta sarakuna da ta wakilai, kusan irin zauruka biyun nan na Landan. Sarkin Kano yana cikin manyan majalisar sarakuna.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. A Agusta 1950 waɗansu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a birnin Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama shugabanta daga baya. Kukansu shi ne a ba talaka bakin magana, a rage ikon En'e. A cikin watan nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. A 1951 aka yi zaɓe, amma mai hawa-hawa ne: mutanen ƙauye su zaɓi waɗansu, waɗannan su taru su zaɓi na gaba, har a kai ga masu tafiya Kaduna. 'Yan NEPU sun ci a matakin farko a birnin Kano, amma ba wanda ya kai ƙarshe a cikinsu. Jam'iyyar NPC, wadda sarakuna suka fi amincewa da ita, ita ta cika majalisa. A 1952 aka sake doka, aka ce sarki ba zai ƙara zama shi kaɗai ne En'e ba, sai shi da majalisarsa.

A lokacin nan Sarki ya tsufa, yawancin aiki ya koma hannun babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi. Amma ya ga an gama sabon masallacin Juma'a na birni a 1951, aikin da ya daɗe yana buri. Ya ga kuma abin baƙin ciki. A Mayu 1953 gardamar ranar da za a ba Nijeriya mulkin kai ta jawo tarzoma tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a Fage da Sabon Gari. Kwana huɗu ana yi, mutane da yawa suka mutu. Wannan ya sa ministan nan na Landan ya kira shugabannin Nijeriya taro, aka shirya kowace jiha ta riƙe harkokinta na cikin gida.

Sarki Alhaji bai ga ƙarshen wannan shiri ba. Ya rasu a Disamba 1953, yana da shekara 72, wata shida bayan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Aka binne shi a gidan Sarki na Nasarawa, Allah ya ji ƙansa. Ciroma Sanusi ya gaje shi, ya yi shekara goma. Bayansa ƙanen Sarki Alhaji, Muhammadu Inuwa, ya yi 'yan watanni, sa'an nan wani ɗan nasa, Ado Bayero, ya hau a 1963, ya riƙe Kano har 2014.

A Disamba 1959 magidantan Gaya da Ajingi suka yi layi, kowa ya jefa ƙuri'arsa a akwati da hannunsa, don zaɓen wakilin da zai tafi majalisar Ikko. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila. Matan Arewa kuwa sai a 1979 suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. A 1960 aka buɗe wata ƙaramar kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci, bayan shekara biyu aka sa mata sunan Abdullahi Bayero. Ita ce ta zama Jami'ar Bayero ta Kano a 1977.